Kututturen Sarkin Pawa

Sarautar pawa a Tudun Baushe ba ta da fada, ba ta da doki, rawaninta ma sai an aro a gidan liman. Abin da take da shi kututturen kirya ne guda ɗaya a bakin mayanka, wanda mazaunan sarakunan da suka wuce suka goge har ya yi sulɓi. Duk Litinin, ranar da kasuwa ke ci, Sarkin Pawa zai hau shi tun hantsi. A gabansa ake wucewa da kowace dabba kafin a kayar da ita, ya duba ko tana da ciwo, ya tambayi daga hannun wa ta fito, don a ƙasar Batsari yanzu saniyar sata ta fi ta halal saurin isowa kasuwa. In mahauta biyu suka zare wa juna wuƙa, shi ke shiga tsakani. Ladansa yankin tozo daga kowane sa, da kalangu a kunne har la'asar. Iyakar sarautar ke nan. A kanta Zuwairatu ta rasa ƙanenta.

Zuwairatu ce babba a ɗakinsu. Yusha'u ke bi mata, daga nan aka yi ta haihuwa ana binnewa, sai can a ƙarshe Muntaka ya zo ya tarar uwarsu ta gaji. Zuwairatu ta goya shi, ita ta wanke masa kashi, ita ta san lokacin da ya daina fitsarin kwance, kuma ba da wuri ya daina ba. Don haka har ya yi furfura Auta take ce masa. Tun rasuwar mijinta take tuwon sayarwa a wata rumfa da ke kallon mayanka, tana sayen kai da ƙafa a hannun 'yan uwanta tana zuba wa miya. Daga bakin murhunta ba abin da ke faruwa a kan kututturen nan da ba ta gani.

Yusha'u ya gaji sarautar daga ubansu, ya naɗa Muntaka wakili. Ranar naɗin Muntaka ya ɗaga yatsa sama a gaban mahauta, ya rantse cewa shi bawan yayansa ne, ko a mafarki ya ga kansa a kan kututture zai farka ya yi istigfari. Shekaru suka yi ta tafiya lafiya, har wata kaka da Yusha'u ya tafi Wagini sayen shanu. A hanyar dawowa mutanen daji suka tare shi, suka kora shi tare da shanun, kuma a cewarsa daga baya shanun sun fi shi samun kulawa.

Gida ya rikice. Zuwairatu ta fitar da tumakinta, Rilwanu ɗan Yusha'u ya sa gonarsu ta fadama a kasuwa, waya na ta shigowa daga daji ana ciniki kamar na jaki. Muntaka ya fi kowa kuka. Litinin ta farko ya tsaya a gefen kututture yana duba shanu a tsaye, hawaye na zuba, aka yi aka yi ya zauna ya ce Allah ya kiyashe shi. Litinin ta biyu ya ce ƙugunsa na ciwo, ya ɗosana gefe ɗaya na mazaunansa a bakin kututturen, kamar wanda ya je gaida surukai. Litinin ta uku ya zo da matashi daga gida.

Da aka tashi kasuwa ya naɗe tozo biyu ya nufi gidan mai gari. Ya tuna masa wata tsohuwar doka: Sarkin Pawan da ya yi kasuwa uku a jere bai hau kututture ba ya sauka, wanda aka samu a kai a kasuwa ta uku shi ne sarki. Dokar gaskiya ce, ba shi ya ƙirƙira ba. An yi ta ne saboda wani kakansu da ya bi wata mai fura zuwa Maraɗi ya manta hanyar gida, kuma tun daga kansa ba a sake taɓa ta ba. Mai gari ya saurara, ya dubi tozon, ya ce lalle shi ma ya taɓa ji a bakin manya, kuma abin da manya suka bari ba a wasa da shi.

Da Zuwairatu ta ji, ko hannu ba ta wanke ba. Ta sami Muntaka a zaure yana gwada rawani a madubin babur.

"Auta, ɗan uwanka na ɗaure a daji kamar bunsuru, kai kana nan kana kwalliya?"

"Yaya, ba ni na so ba. Doka ce ta faɗo a kaina."

"Da matashi ta faɗo?"

"Kasuwa ba ta zama babu shugaba. Riƙe masa nake yi."

"To in ya dawo fa?"

Ya juya madubin, ya gyara naɗin. "In ya dawo sai mu ga abin da Allah zai yi."

Allah kuwa ya dawo da shi. Bayan kusan wata biyu aka sako Yusha'u, ya iso gida ƙafafu a kumbure, wuyansa kamar na zakaran da aka fige. Rilwanu ya so ya ɗauki wuƙa ya nufi gidan baffansa, uban ya ce ya ajiye ta ya zo ya matsa masa ƙafa. Litinin da ta biyo baya Yusha'u ya dogara sanda ya tafi kasuwa. Da ya ɓullo, wuƙaƙe suka tsaya cak. Gambo mai kalangu, wanda ke cikin yi wa sabon sarki kirari, ya haɗiye rabin sunan. Muntaka ya riƙe gefen kututture da hannu biyu kamar wanda ke kan jakin da zai yi tutsu. Yusha'u ya tako a hankali, ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban ƙanensa, ya jinjina.

"Ranka ya daɗe, Sarki. An tashi lafiya? Ya kasuwa? Ya haƙuri da jama'a?"

Muntaka ya ƙara ƙanƙame kututturen. Yusha'u ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa, ya tsallako rumfar Zuwairatu, ya ce ta zuba masa tuwo, ta zaɓo masa nama mai laushi don haƙoransa sun yi rauni.

Ta zuba, ta zauna kusa da shi tana huci. "Shi ke nan? Ka bar masa?"

"Yaya, ƙara min miya."

"Tambayarka nake."

"Na yi wata biyu ina kwana a kan dutse, ana tashina da bakin bindiga. Can na gane abin da nake so a duniya. Inuwa, da tuwo mai zafi, da kada kowa ya kira sunana. Ya riƙe abinsa."

Da gaske yake. Zuwairatu ta san shi, in ya ce ya bari to ya bari. Matsalar ita ce rumfar tana kallon kututture, kuma mutum in yana cin tuwo dole idonsa ya sauka a wani wuri.

Daga ranar zama ya daina yi wa Muntaka daɗi. Da Yusha'u ya zage shi, ko ya kai ƙara, da ya san inda zai tare. Amma gaisuwa? Duk Litinin sai Yusha'u ya zo ya durƙusa ya ce ranka ya daɗe, duk Litinin sai Muntaka ya wuni yana juya gaisuwar yana neman inda aka ɓoye ƙugiya. Ya aiko a ce wa Zuwairatu ta juya ƙofar rumfarta ta kalli gabas. Ta ce a gaya masa ya juya kututturensa. Ya fara lura da wanda ya gaida Yusha'u kafin ya gaishe shi. Gambo, da bakinsa ya yi shekara da shekaru yana kiran Yusha'u a kirari, wata rana harshe ya kufce masa ya kira tsohon suna, Muntaka ya hana a ba shi ko tsinken tsire sai da ya zo ya kwanta a ƙasa ya ba da haƙuri.

Ya samo laya a wurin wani malami a Yasore, aka ce ya binne a gindin kututture. Yana tonawa sai ya ci karo da wasu tsofaffin layu, sun kai cikin ƙwarya, fatarsu duk ta ruɓe. Na kakanninsa ne, kowa ya binne tasa a zamaninsa. Shi dai ya tabbata jiya aka binne su dominsa.

Da yamma yakan biyo ta gidan Zuwairatu, wai gaisuwa.

"Yaya, in yana cin tuwon nan, me yake cewa?"

"Wa?"

"Kin san wanda nake nufi."

"Cewa yake in rage barkono."

"Ni fa? Ba ya ambatona?"

"Ya ce ka rame."

Muntaka ya gyaɗa kai a hankali, kamar an tabbatar masa da abin da ya daɗe yana zargi. "Ashe yana lura."

Bai naɗa wakili ba. Mahauta suka yi masa magana, ya ce yana istihara. Zuwairatu ta san dalili: ya san abin da wakili ke saƙawa a ransa in ya tsaya a gefen kututture, don ya taɓa tsayawa a wurin. Ya daina zuwa sayen shanu, ko Safana ba ya leƙawa, kada wani abu ya tare shi a hanya. Ranar Litinin ba ya shan ruwa tun asuba, don kada fitsari ya tashe shi. Sallar azahar a gefen kututturen yake yi, in ya zo sallama ta ɓangaren kututturen ya fi daɗewa.

Tozon ma da aka yi abin dominsa bai ci ba. Ya yi tunani ya ga mai garin da ya karɓa a hannunsa zai iya karɓa a hannun wani, don haka duk abin da ya samu sai ya naɗe ya aika kafin a riga shi. Mai gari ya yi ƙiba har wuyansa ya ɓace. Sadiqa matar Muntaka ta ce wa Zuwairatu tun da suka zama gidan sarauta ba su ƙara ganin maiƙo a miya ba.

Wanda ya fi tsaya masa a rai Rilwanu ne. Magidanci ne ƙaƙƙarfa, shi kaɗai yake kayar da sa, kuma mahauta na son sa. Wata Litinin cikin bazara Muntaka ya ji ana yabon yadda Rilwanu ke raba ƙashin baya kamar yana fasa rake. Sai ya ce a miƙo masa gatari, a jawo masa sa na gaba kusa da kututture, mutane su ga sarki bai tsufa ba. Ya ɗaga gatari ke nan ya hango Rilwanu ya sunkuya yana yi wa ubansa raɗa a rumfa. Zuwairatu na kusa, ta ji abin da ake cewa: tayar babur ce ta yi faci, ana neman mai liƙewa. Muntaka bai ji ba, gani kawai ya yi. Gatarin ya sauka idonsa na kan rumfa, ya goce daga ƙashi, ya same shi a ƙafar hagu tsakanin yatsu.

Ciwon ba wani babba ba ne, mahauci ya saba da yanka. Aka wanke aka ɗaure da tsumma. Mako ya zagayo bai kame ba. Aka je kemis, aka sha ƙwayoyi, aka shafa man shanu da garin sassaƙe, ƙafa sai ƙara kumbura take tana baƙi. Da ƙyar Zuwairatu ta tura shi asibitin Batsari, shi ma ranar Laraba, don ya tabbata zai dawo kafin Litinin. Likita ya auna jininsa ya ce suga ne ya yi masa yawa, shi ya hana ciwon warkewa. Ya ce abin ya wuce nan, a kai shi Katsina a kwantar da shi, zai yi wata ɗaya ko fiye, wataƙila a cire yatsa biyu a ceci sauran.

"Wata ɗaya kasuwa huɗu ke nan," in ji Muntaka.

"Baba, ni maganar ƙafa nake maka," in ji likita.

"Ni ma ita nake nufi. Da ita zan koma gida."

Zuwairatu ta ga in ta zuba masa ido zai ruɓe a zaune. Ta fara da Yusha'u. Ta ja shi har ɗakin Muntaka, inda yake kwance Sadiqa na kore masa ƙuda. Yusha'u ya zauna a bakin gado, ya ɗaga yatsa sama.

"Muntaka, na rantse da wanda raina ke hannunsa, ba na son kututturen nan. Ni ba zan hau ba, Rilwanu ba zai hau ba. Tafi a yi maka magani."

Muntaka ya daɗe yana kallon yatsan.

"Irin wannan yatsan na ɗaga maka, Yaya Yusha'u," ya ce. "Kuma wallahi ranar da na ɗaga shi da gaske nake."

Yusha'u ya sauke yatsansa. Gaskiya ƙanensa ya faɗa.

Sai Zuwairatu ta je wurin mai gari, ta durƙusa daga nesa, ta roƙi a taimaka a kashe dokar kasuwa uku, ƙanenta ya samu ya yi jinya hankali kwance. Mai gari ya ce wannan ai mai sauƙi ne, shi ma dama dokar ba ta taɓa kwanta masa a rai ba. Ta dawo da murna ta ba Muntaka labari. Ya yunƙura ya tashi zaune, zufa na keto masa.

"Kin kashe ni, Yaya. In babu dokar, da me na hau? Ashe Yaya Yusha'u bai taɓa sauka ba ke nan."

"To a bar ta."

"In an bar ta, duk wanda ya zauna ya cinye ni."

"To a kashe ta."

"Na ce miki a'a."

"Auta, zaɓi ɗaya mana. Ƙafar ba jiranka take ba."

A ranar ya aika wa mai gari da cinyar rago, da roƙon a bar doka yadda manya suka bar ta. Mai gari ya ce shi ma da ya sake tunani haka ya gani.

Dabarar ta zo wa Zuwairatu tana cikin tuƙa tuwo. Ta bar muciya a tukunya ta koma gidan Muntaka.

"Ni zan zauna."

"Ina?"

"A kan kututturen ubanmu. Doka ta ce wanda aka samu a kai, to a same ni. Ka taɓa jin an naɗa mace Sarkin Pawa? Ko shanun dajin Rugu duka aka kai wa mai gari ba zai ɗaura min rawani ba. Muddin ina a kai ba mai hawa, ni kuma ba na cinyewa. Ka dawo in tashi."

Ya juya maganar ta kowane gefe, bai sami rami ba.

"Ba za ki bar Rilwanu ya ɗana ba, ko na ɗan lokaci?"

"Ko fitsari ne zan riƙe. A wurinka na koya."

Washegari aka sa shi a mota shi da Sadiqa. Zuwairatu ta tsaya a bakin hanya har motar ta ɓace, ta dawo gida ta yi sujada.

Litinin ta zo. Ta bar wa maƙwabciyarta tukunya, ta ɗaura sabon zane, ta haye kututture. Mahauta suka yi ta dariya har ta fara aiki. Yawancinsu ta ci tuwon sunansu. Wani ya zo da saniya mai tari, ta ce ya mayar da ita gida ya yi jinyarta tunda yana ƙaunarta. Wasu biyu suka fara cacar baki a kan fata, ta ce in ba su yi shiru ba za ta faɗi abin da uwar kowannensu ta taɓa gaya mata game da shi. Tozon da aka tara mata kuwa ba ta aika gidan kowa ba. Ta sa aka zuba a tukunyar miya, duk mahaucin da ke wurin ya ci tuwo da tozo kyauta. Gambo ya ci, ya lashe hannu, ya saɓa kalangu ya tsara mata kirari nan take: Zuwaira magajiyar pawa, yayar sarakuna biyu, mai raba tozo da ludayi. Ta ce ya rufa mata baki. Amma kiɗan ya shiga jikinta, ta ɗan girgiza kafaɗa a zaune. Kaɗan ne. Wani a cikin taron ya ɗauka a waya.

Litinin ta biyu, rana tsaka, sai ga babur ya tsaya a bakin mayanka. Muntaka ne a baya, ƙafa naɗe da bandejin da ya koma kalar ƙasa, allurar ƙarin ruwa na nan manne a bayan hannunsa. Washegari aka sa za a yi masa aiki. Ya sulale daga asibiti lokacin da Sadiqa ta zagaya wanka, ya shiga motar Batsari, daga can ya hau babur.

"Tashi, Yaya."

"Auta, me kake yi a nan?"

"Na ga bidiyon. Duk ɗakin marasa lafiya sun gani. Na gadon kusa da ni cewa ya yi ashe garinku mace ke sarauta."

"Wasa ne. Gambo ne da haukarsa. Ai ka san ba a taɓa naɗa mace ba."

"Kafin ni an taɓa sauke sarki yana hannun mutanen daji? Ba a taɓa ba, har aka taɓa. Ga shi kin ciyar da mahauta, mai gari kuma bai ga tozo ba. In yunwa ta kama shi zai fara tuno abin da manya suka ce."

"Ni ce fa. Ni na goya ka."

"Shi ma Yaya Yusha'u shi ya koya min riƙe wuƙa."

Ta tashi. Me za ta yi? Ta riƙe shi ya zauna, ta koma bakin murhu ta yi ta hura wutar da ke ci bal-bal, don a ce hayaƙi ne.

Bai ƙara yarda an yi masa maganar asibiti ba. In ta fara sai ya juya wa bango fuska. Baƙin ya haura idon sawu ya nufi ƙwauri. Ya daina takawa, sai a ɗora shi a amalanke a kawo shi kasuwa, a jingina shi da buhun dusa a kan kututture. Sai wari ya fara. Mahauta sun saba da wari, masu sayen nama ne ba su saba ba. Mutum zai zo da niyyarsa, ya shaƙi iska, ya tuna cewa yau wake yake sha'awa. Ba wanda ya ce komai. Wata Litinin dai mahauci ɗaya ya ɗauke teburinsa ya koma gindin tsamiyar da ke bayan 'yan hatsi, wai rana ta dame shi. Kafin azahar rana ta dami kowa. Gambo ya ɗan tsaya don kunya, ya buga wani kiɗa mara ƙarfi, sannan ya bi nama.

Aka bar sarki a kan kututture. Zuwairatu ta kashe wuta, ta zo da mafici. Yusha'u ya jawo tabarmarsa ya shimfiɗa a gindin kututturen, daidai inda iska ke kaɗo warin, ko hanci bai toshe ba.

"Ina mutane?" Muntaka ya tambaya. Zazzaɓi ya sa idonsa ya yi ja.

"Suna gindin tsamiya," in ji Yusha'u.

"Wa ya ba su izini?"

"Ƙafarka," in ji Zuwairatu.

"Wa ke zaune a can?"

"Ba abin zama a can. Kowa a tsaye yake, suna yanka suna sayarwa."

Ya kasa kunne yana sauraren kalangu daga nesa. Yusha'u ya gyara zama.

"Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. A daji na ji labarin naɗinka. Masu gadina ne suka zo suna dariya, suka ce an naɗa ƙanenka, kai yanzu ba sarki ba ne, tsohon mahauci ne mai cinye mana abinci a banza. Da sarki suke ciniki, ka gane. Daga ranar farashina ya faɗi, shi ya sa abin da aka tara ya isa. Ba don kai ba da ƙasusuwana na can."

Muntaka ya dube shi da kyau. "Me kake nufi da wannan maganar?"

"Abin da na faɗa."

"A'a. Akwai dai abin da kake nufi."

Yusha'u ya yi dariya har da tari. Zuwairatu ma ta yi, tana share ido da gefen mayafi. Muntaka ya dube su, bakinsa ya motsa kamar shi ma zai yi, sai kansa ya langaɓe, ya zamo daga kan kututturen. Yusha'u ne ya tare shi kafin ya kai ƙasa. Aka yayyafa masa ruwa, ya buɗe ido.

"Yaya, ƙafar ta hau cikina," ya ce a hankali. "A kai ni Katsinar."

Rilwanu ya sheƙo daga gindin tsamiya hannu duk jini, ya tsayar da wata mota da ta sauke wake. Aka kwantar da Muntaka a baya, kansa a cinyar Zuwairatu, ƙafafunsa a jikin Yusha'u, Rilwanu a gaba kusa da direba. Sun bar Batsari a baya sun ɗauki hanyar Katsina sai ya zabura.

"Wa aka bari a kasuwa?"

"Yi shiru, Auta."

"Ina Yaya Yusha'u?"

"Ga ni, ƙafarka na hannuna."

"Rilwanu fa?"

Rilwanu ya waigo. "Ga ni, Baffa."

"Ke fa, Yaya?"

"A cinyar wa kake kwance, sakarai?"

Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi kamar mai ƙirga awaki da yamma. Duk suna nan, a cikin mota ɗaya, an rufe ƙofofi. Zuwairatu ta ji wuyansa ya saki a kan cinyarta, ta ga goshinsa ya warware.

"To madalla," ya ce. "Direba, kada ka sauke kowa a hanya."

Ya yi barci. Ta ci gaba da yi masa fifita, tana jin daɗi ya samu ya runtsa, har tana harara direba in ya faɗa rami. Sai da gine-ginen Katsina suka fara bayyana Yusha'u ya taɓa ƙafar mai lafiyar, ya daɗe yana riƙe da ita, ya ji ta yi sanyi ƙalau, sannan ya ce wa direba ya rage gudu, ya nemi wuri ya juya.